Wane Filogi Ya Dace Da Tsohuwar 504 Bayan An Taɓa Injinta?

Da wuya ka ga Peugeot 504 a titi yau da injinta yake yadda ya fito daga kamfani. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, daga 1975 kuma kamfanin PAN ya shiga harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna, bai daina ba sai cikin shekarun 2000, alhali Faransa ta daɗe da barin ƙera ta. Ko auta a cikinsu ta kusa shekara ashirin. A tsawon wannan zama ta bi hannun makanikai iri-iri. An sauke kan injin an kai an kankare fuskarsa bayan ta yi zafi ta ƙona gaskit. An cire kafiretar Solex an ɗora wata. An fitar da kwantak daga distiributa an sa na lantarki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu ma sun ɗora tukunyar gas a but. Akwai kuma masu sha'awa, waɗanda suka gaji motar daga iyaye ko suka saya da gangan, suna kashe mata kuɗi don ta fi yadda take gudu da ja.

Duk wannan aiki ana yin sa da shawara da ciniki da kai-komo. Filogi kaɗai ake saya a tsaye. A aiki yaron gareji Panteka ko Ƙofar Ruwa, a ce "karɓo mana filogin Fijo guda huɗu," ya dawo da abin da mai shago ya miƙo masa. In mai mota mai hali ne, sai a ce a kawo mafi tsada. Ni a ganina nan ne ake yi wa waɗannan injina illa mafi arha, domin inji da aka taɓa ya tashi daga wanda littafin kamfani ya yi bayani a kai, kuma tsadar filogi ba ta da alaƙa da ko ya dace da shi.

Zare, tsawo da mazauni

Kafin a zo kan komai, dole filogi ya zauna daidai a raminsa. Tsofaffin motoci da yawa suna amfani da zare mai kaurin milimita 14, wannan ya sa filogin wata mota kan shiga ramin wata ba gardama, mutum ya ɗauka ya dace. Tsawon zaren ne ya bambanta. Akwai mai milimita 19, akwai mai 12.7, irin wanda tsohuwar Volkswagen Beetle take sha. Ka sa gajere a rami mai zurfi, bakinsa zai maƙale can ciki, wuta ba ta kai tsakiyar ɗakin ƙonewa, sauran zaren ramin da ya rage a fili kuma ya cika da baƙin gawayi, ranar da aka zo sa na daidai ya ƙi shiga. Ka sa dogo a rami gajere, zarensa ya leƙo cikin wuta ya yi ja, wani lokaci fistin ya taɓa shi. Kan injin 504 na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi. Filogin da gawayi ya kama wa zare yakan fito da zaren ramin gaba ɗaya.

Mazaunin ma iri biyu ne. Wani filogi yana da wosha da ke matsewa a kan fili, wani kuma ƙasansa a fiƙe yake kamar mazurari, yana zama a rami mai irin siffarsa ba tare da wosha ba. Ba a musanya su. A motar da ta shekara arba'in, ba ka da tabbacin kan injin da ke kanta shi ne na asali. Mai yiwuwa an ciro shi daga wata 504 ta wata shekara, ko daga 505, wadda ta gaji injin iri ɗaya. Saboda haka ramin ake dubawa, ba takardun mota ba. A wannan inji filogi yana can ƙasan wani dogon bututu a tsakiyar murfin bawul, sai an haska tocila ake ganin mazauninsa, sai kuma da doguwar sifana ake kai masa.

Lambar da ke tsakiya

Ɗauki filogin NGK da aka rubuta wa BP6ES. Harafin B yana nufin zaren milimita 14. P yana nufin hancin tangaran ɗin ya ɗan fito waje ya shiga ɗakin ƙonewa. E tsawon zare ne, milimita 19. S kuma irin bakin da aka saba ne, mai jan ƙarfe a ciki. In ka ga R a tsakani, kamar BPR6ES, akwai abin rage ƙarfin hayaniyar lantarki a cikinsa. Saura lamba 6, wadda kusan ba mai tambaya a kanta, ita ce kuwa ta fi kowanne harafi muhimmanci ga injin da aka yi wa gyare-gyare.

Lambar tana faɗin saurin da filogi yake fitar da zafi daga bakinsa. Inji mai juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane filogi a cikinsa yana tartsatsi sau 25 a daƙiƙa, kowane tartsatsi kuma gobara ce ke biyo bayansa. Filogi ba ya ƙirƙirar wannan zafi, karɓa yake yi, ya tura shi ta jikin tangaran zuwa zare da mazauni, daga nan kan inji ya ɗauka, ruwan lagireto ya tafi da shi. Idan hancin tangaran dogo ne, hanyar da zafi zai bi ta yi nisa, bakin ya daɗe da zafi: shi ake kira filogi mai zafi. Idan hancin gajere ne, zafi ya fita da wuri: filogi mai sanyi ke nan. Wutar da suke bayarwa ɗaya ce. Mai zafi bai fi mai sanyi ƙarfin tartsatsi ba, ko da yake za ka ji ana faɗin haka a gareji da yawa.

Abin da ake nema shi ne bakin filogi ya zauna tsakanin iyaka biyu. Ƙasa da digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salsiyos, ba ya iya ƙone gawayin da ke taruwa a kansa. Gawayi kuwa yana ɗaukar lantarki, sai wuta ta riƙa silalewa ta jikin tangaran maimakon ta tsallaka baki, inji ya fara rawa, mota ta riƙa fizga, da safe ta ƙi tashi. Sama da digiri 800 kuma, bakin da kansa yakan zama garwashi a cikin rumbu: ya kunna fetur tun tartsatsi bai zo ba, fistin yana hawowa wuta tana danna shi ƙasa. Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A doguwar hanya da kaya, mintoci kaɗan sun isa ya narkar da kan fistin ya huda shi.

Dubi bambancin hukuncin kuskuren biyu. Wanda ya sa filogi mai sanyi fiye da kima, asararsa kuɗin filogi huɗu da ɓacin ran safiya. Wanda ya sa mai zafi fiye da kima, asararsa inji. Shi ya sa duk mai gwaji a kan injin da aka ƙara wa ƙarfi ya kamata ya faro daga ɓangaren sanyi, in ya ga gawayi ya matso mataki ɗaya. Mataki ɗaya a wannan ma'auni yana sauya zafin baki da kamar digiri 70 zuwa 100, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai tarko a nan da ya cinye injina da yawa. Kamfanonin ba su ƙirga iri ɗaya. A wurin NGK da Denso, lamba tana hawa filogi yana ƙara sanyi: 7 na NGK ya fi 6 sanyi. A wurin Bosch da Champion akasin haka ne, lamba tana hawa yana ƙara zafi. BP6ES na NGK, da W7DC na Bosch, da N9YC na Champion, da W20EP-U na Denso, kusan aji ɗaya suke, amma ga lambobinsu 6, 7, 9 da 20. Mutumin da aka ce masa "ƙara lamba ɗaya" ya je ya sayi Bosch mai lamba 8, ya koma baya ne yana zaton gaba ya yi.

Me aka taɓa a injin?

Kamfanin NGK yana da wata ƙa'ida da masu tseren mota suke yawan maimaitawa: duk ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100, a sauko mataki ɗaya zuwa sanyi. Ƙa'idar ta yi wa manyan injinan Amurka daidai. Injin 504 mai cc 1,971 kuwa, duka ƙarfinsa doki 90 da 'yan kai ne daga kamfani, da wuya wani gyara ya ninka shi. In da wannan ƙa'ida kaɗai za a bi, ba mai 504 da zai taɓa canja lamba. Amma zafin ɗakin ƙonewa ba ƙarfin doki kaɗai ke ɗaga shi ba.

Babban abin da ake mantawa shi ne kankare kan inji. Ba wanda yake kiransa ƙarin ƙarfi, gyara ake ce masa. Amma duk lokacin da aka ɗebe wani abu daga fuskar, ɗakin ƙonewa ya ƙanƙance, matsin da fistin yake yi wa iska da fetur ya ƙaru. Wannan inji an ƙera shi da matsin da bai kai kashi 9 bisa 1 ba, don ya iya shan fetur mai rauni a ƙasashen da yake zuwa. Kan da aka kankare sau biyu ko uku cikin shekara talatin ya wuce nan, ko mai motar bai sani ba. Ƙarin matsi ƙarin zafi ne. Haɗa shi da ranar Afrilu a hanyar Sakkwato ko Maiduguri, da fasinja bakwai da kaya a mota mai dogon baya, da fetur ɗin bumburutu da ba a san me aka gauraya masa ba, sai ka ga lambar da ta yi daidai a littafi ta zama mai zafi. Irin wannan inji ina ganin ya cancanci a gwada masa mataki ɗaya mafi sanyi, a kuma sake duba saitin lokacin wuta, domin wutar da aka tura gaba da yawa tana gasa filogi fiye da komai. A kan da aka kankare sosai, a tabbatar kuma hancin filogi mai fitowa waje ba ya kusantar fistin.

Canjin kafireta yana iya kai abin kowane ɓangare. Kafiretar Weber da aka ɗora ba a daidaita ƙofofin manta ba, in tana zuba fetur da yawa za ta baƙanta kowane filogi, in kuma tana ƙwauron mai, ko iska na satar shiga ta gaskit ɗin ƙasanta, inji zai yi zafi filogi ya yi fari fat. Duka biyun ba laifin filogi ba ne, kuma canja lambarsa rufa-rufa ce kawai. Haka batun tamostat. An saba cire shi a garejinmu da sunan maganin zafi, sai inji ya riƙa daɗewa bai kai ɗuminsa ba, musamman da hunturu a Jos ko Zariya, filogi ya riƙa yin baƙi a zirga-zirgar cikin gari. Makanike ya ga baƙi ya sa mai zafi. Ranar da motar ta hau babbar hanya, wannan filogin ne zai zama matsala.

Wannan ya kawo mu kan injin da ke shan baƙin mai. Idan ring ya gaji ko hanyar bawul ta buɗe, mai yakan hau ya jiƙa filogi, kuma gaskiya ne filogi mai zafi yana ɗan ƙone shi, motar ta ci gaba da tafiya. Ban ga laifin talakan da ya yi haka don ya kai ƙarshen wata ba. Sai dai ya sani lallaɓawa yake yi, kada ya ɗauki wannan mota ya yi Kano zuwa Abuja a guje.

Wanda ya cire kwantak ya sa wutar lantarki da koyil mai ƙarfi, shi abin da zai duba tazarar baki ce. Da kwantak da tsohon koyil, tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7 aka saba, domin iyakar abin da wutar ke iya tsallakewa ke nan cikin matsi. Sabon tsari yana iya ɗaukar 0.8 ko 0.9, tartsatsin ya fi tsawo, inji ya fi kwanciya in yana tsaye. Amma kada a buɗe a wuce kima: yawan tazara yana tilasta wa wuta neman wata hanya, ta fasa murfin distiributa ko ta huda waya. Kuma matsi yana hawa, tsallakawa tana ƙara wuya, don haka injin da aka ƙara wa matsi tazara ƙarama yake so, ba babba ba. A auna da fila geji, ba da ido ba, a lanƙwasa ƙarfen gefe kaɗai, kada a dogara da na tsakiya. Na'urar lantarki kuma tana son filogi mai R, don hayaniyar tartsatsi kan rikita ta, kamar yadda take shiga rediyon mota. Tsohon tsarin kwantak bai damu da wannan ba. In ma wayoyinsa da hulunansa suna da nasu abin ragewar, ƙara wani a filogi yana iya raunana wutar koyil da ya tsufa.

Gas shi ne sabon babi. Fetur yana shiga inji da danshi, yana busar da kansa a ciki, wannan busarwa tana ɗan sanyaya bawul da bakin filogi. Gas a bushe yake shiga, ba ya sanyaya komai. Sannan ya fi fetur wuyar kamawa, yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ta tsallaka. Shi ya sa motar da take lafiya lau a kan fetur, ana juya ta gas sai ta fara tari tana harbi ta kafireta: raunin koyil ko waya ko filogi da fetur yake rufa wa asiri ne ya fito. Abin da masu ƙera filogi suke ba da shawara a nan shi ne a ɗan rage tazara, a karkata zuwa sanyi, a kuma riƙa canja filogi da wuri fiye da da.

Batun iridiyom

Mai shago zai ce maka, "Alhaji, sa wannan ka huta, iridiyom ne." Yana da gaskiyarsa. Iridiyom ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, alhali nikel da ake yi wa bakin filogi na gargajiya da shi bai kai 1,500 ba. Wannan ya ba da damar a yi bakin siriri, milimita 0.6 a wurin NGK, 0.4 a wurin Denso, maimakon 2.5 na gargajiya. Siririn baki ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya yi tartsatsi, kuma yana daɗewa bai cinye ba. A motar zamani da kwamfuta ke auna mata mai, wadda sai an kwance rabin inji kafin a kai ga filogi, wannan alheri ne. A motar gas ma yana da amfani na gaske.

A injin kafireta mai shan fetur kuwa, filogi ba ya mutuwa don bakinsa ya cinye. Gawayi ne ke kashe shi tun da sauransa. Cok da aka manta a ja, ko mai da ya yi ambaliya a kafireta, zai baƙanta na iridiyom kamar yadda zai baƙanta mai arha, kuma siririn bakin ba ya jure burushin ƙarfe da takardar yashi da ake goge filogi da su a gareji. Ga wanda yake kan gwaji, yana neman lambar da ta dace, gara ya sayi na jan ƙarfe saiti biyu, lamba 6 da lamba 7 na NGK, da ya zuba kuɗin duka a saiti ɗaya mai tsada da bai san ko ajinsa ya yi ba. In an gama saiti, inji ya zauna, mai son iridiyom ya saya a lambar da ya riga ya tabbatar.

Tsada kuma ita ke jawo jabu. Manyan kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kan filogin bogi masu ɗauke da sunansu, kuma masu tsadar aka fi kwaikwaya. A duba rubutun jikin tangaran ko ya yi dishi-dishi, a duba zaren ko yana da kaushi, a ga ko bakin tsakiya ya zauna daidai ƙarƙashin na gefe, a ja woshar a ga ko tana zarewa cikin sauƙi. Haɗarin jabu ya wuce saurin mutuwa. Lambar da aka buga a jikinsa ba ta nufin komai, mai yiwuwa babu ma jan ƙarfen da ke fitar da zafi a cikinsa.

Abin da filogi yake faɗa

Ba wanda zai zauna a shago ya faɗa maka lambar da ta dace da injin da aka taɓa. Injin ne zai faɗa, a jikin filogi yake rubutawa. Sai dai filogin da aka ciro bayan mota ta gama yawon cikin gari ta tsaya tana aiki a gareji, labarin tsayuwar kaɗai zai ba ka. Masu tsere suna da hanyarsu: a sa sababbin filogi, a bar inji ya yi ɗumi, a sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a taka mota sosai a babbar giya na ɗan lokaci, sannan a taka kuloci a kashe inji nan take, a gangara gefe. A kula, makulli taki ɗaya kawai ake murɗawa, kada sitiyari ya kulle. In inji ya huce a ciro su a jera bisa tsari, a tuna cewa a injinan Peugeot silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giyabos, ba ta wajen fanka ba.

Tangaran mai launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya ke nan. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya, mai ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni, ko filogin ya cika sanyi. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne. Fari mai ƙyalli da ƙananan ƙuraje, bakin ƙarfe ya fara zagwanyewa, zafi ya yi yawa, a tsaya a bincika kafin a sake taka motar. Ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masoro, ko ƙananan ƙwayoyi masu walƙiya, alamar fetur yana fashewa ne maimakon ya ci a hankali, masu walƙiyar nan kuwa ɓurɓushin fistin ne. Ja-ja kamar bulo yakan fito daga magungunan ƙara ƙarfin fetur da ake zubawa a tanki. Idan uku sun yi kyau ɗaya ya bambanta, matsalar ta silindar ce, ba ta lambar filogi ba.

Tsofaffin makanikai da suka koyi aiki a zamanin fetur mai dalma sun saba ganin launi ya fito sarai. An daina sa dalma a fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, fetur na yanzu kuma ba ya rina tangaran kamar na da. Filogi mai ɗan haske a yau ba lallai yana ƙonewa ba ne. Ƙyalli da ƙuraje da narkewa su ake nema.

Ɗaurawa ma tana cikin zaɓi. Tunda ta zare da mazauni zafi yake fita, filogin da bai ɗauru ba zai yi zafi kamar an sa na aji mai zafi, ko da lambarsa daidai ce. Wanda aka ɗaure fiye da kima kuma jikinsa yakan miƙe, hanyar zafin ta lalace daga ciki, ko ya tafi da zaren alminiyom. A sa shi inji yana da sanyi, a fara murɗawa da hannu ta doguwar sifana ba tare da mariƙi ba, har ya zauna. In ya yi tauri tun juyi na biyu, ya hau zare a karkace, a fito da shi a sake. Mai sabuwar wosha ana ƙara masa rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku bayan ya zauna, wato kamar Nm 25 zuwa 30 ga mai sifanar awo. Wanda aka taɓa ɗaurawa, wosharsa ta riga ta kwanta, ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi. Mai fiƙaƙƙen mazauni kuwa kashi ɗaya cikin 16 na juyi kawai yake so.